Kwalbar da Aka Kawo wa Baba

Mahaifina mahauci ne, ɗan mahauci. A unguwar Briqueterie aka haife shi, a gidan da ni ma aka yanke mini cibiya, can gangaren layi inda ruwan sama ke taruwa ya kwaɓe jar ƙasa. Kakanmu ne ya zo daga arewacin Najeriya da wuƙaƙensa, ya zauna, bai sake komawa ba. Da na yi wayo na tarar Baba yana saɓa cinyar bijimi a kafaɗa, ya hau tudu da ita har rumfarsa a kasuwar Mokolo, yana tafe yana amsa gaisuwar mutane.

Amma ba wannan yake taƙama da shi ba. Ranar Babbar Sallah ce ranarsa. Da an sauko daga idi sai ya fito da wuƙarsa naɗe a farin ƙyalle, ya fara da ragon gidanmu, sannan ya bi layi gida-gida yana yanka wa mutane layyarsu. Fiye da shekara arba'in yana wannan aikin. Kowane gida kuma sai ya aiko da wuyan ragon, kamar yadda aka saba yi wa mai yanka. Mu yara mun ci wuya har ya gundure mu, mako guda cur ba wani nama a tukunya sai shi.

Shekara biyu bayan rasuwar Inna, Baba ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti a mayanka, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki, ya kwanta wata uku. Da ya tashi, ba mutumin da ya kwanta ba ne. Naman jikinsa ya zube, fatar damtsensa tana reto kamar hannun rigar da ta yi wa mutum yawa. Likita ya ce ƙashinsa ya yi rauni saboda shekaru, tsoka kuma haka take, in ba a more ta ba sai ta narke. Ya ce za ta dawo a hankali, da abinci da tafiya da motsa jiki, amma sai an yi haƙuri. Ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa kullum. Baba ya jujjuya ta a hannu, ya ce shi da ya kayar da bijimai za a ba abin wasan jarirai? Washegari na ga jikokinsa suna buga ta a lungu.

Dole in faɗi matsayina a gidan, in ba haka ba abin da na yi ba zai fahimtu ba, ko da yake ban ce zai wanke ni ba. Ni ce 'yar fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a unguwar, tsakanin uba da ɗan farinsa kunya ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "ke 'yar nan" yake cewa. Ni kuma ban taɓa zama a kujera yana ɗakin ba, ban taɓa ɗaga kai mun haɗa ido ba. Ina koyarwa a makarantar firamare, in daka tsawa ɗaya aji ya yi tsit, amma kullum da la'asar in na gangaro daga gidana a unguwar Tsinga da kwanon miya, a bakin ƙofarsa nake durƙusawa, idona a kan tabarma. Na san tabarmar nan fiye da yadda na san fuskar ubana. Matar ƙanena, wadda ke dafa masa abinci, ita tata kunyar ta fi tawa. Ta bayan labule take miƙa kwano.

Wata rana, saura wata huɗu Sallah, na iso na tarar yana ƙoƙarin raba goro da wuƙar aljihu. Goron ya suɓuce ya gangaro har gabana. Ban san ko in ɗauka ko in yi kamar ban gani ba. Ƙanena yana tsaye a gefe. Baba ya ce masa, "Ragunan layi na bar musu. Amma nawa, ni zan yanka. Ko shi kaɗai ne."

Ƙanena waya yake sayarwa a Mokolo. Bai gaji wuƙa ba, ko kaza ya yanka sai ta tashi ta zaga tsakar gida. Abin da ya gada jiki ne, kuma yana kiwonsa. Kowace yamma yana wani ɗakin ɗaga ƙarfe da suke kira sal, ya fito rigarsa kamar za ta yage, hannuwansa a buɗe kamar mai ɗauke da bokiti biyu. Ina yawan tsokanarsa, ina ce masa duk wannan ƙirjin ko buhun shinkafa bai taɓa shigo mana da shi gida ba. Amma yana son Baba, wannan ba zan hana shi ba. Goron nan da ya faɗi ya tsaya masa a rai.

Bayan kwana goma ya tare ni a zaure, ya zaro wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa daga aljihu, murfinta da abin ɗiga.

"Yaya, duba. Na samo wa Baba magani."

"A wace farmasi?"

"Ba na farmasi ba ne. Wani abokina a sal ne yake kawowa daga waje. Ba irin allurar da wasu ke yi ba ce, wadda ke ɓata mutum. Wannan sabo ne. In ya shiga jiki, tsoka da ƙashi kaɗai yake nema, ya yi musu aikin da sinadarin maza ke yi, sauran jiki ya ƙyale shi. Ai don tsofaffi irin Baba aka yi shi, da masu ciwon daji da suka rame. Mu aro kawai muke yi."

Na karɓa na kai bakin ƙofa inda akwai haske. Akwai manyan haruffa huɗu, SARM, da wasu lambobi. A ƙasa kuma, da ƙananan rubutu, cikin Turanci da Faransanci, an rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don ɗan Adam ya sha ba. Na karanta masa da ƙarfi.

Ya yi dariya. "C'est la formalité, Yaya. Haka suke rubutawa. Wata nawa ina sha, me ya same ni?"

Da na koma gida na bincika a wayata. Abin haushin shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Da gaske masu bincike suna gwada irin waɗannan magunguna a kan mutanen da tsokarsu ta narke ko ƙashinsu ya yi rauni. Rabin da bai faɗa ba shi ne har yanzu gwaji ne, ba a amince a ba marasa lafiya ba, wanda ake sayarwa a bayan fage ba wanda ya san ainihin abin da ke cikinsa, kuma yana iya taɓa hanta. Na karanta wannan da idona, na fahimta sarai. Ba zan ce jahilci ba ne.

Washegari na gaya wa ƙanena. Ya ɓata rai, ya ce, "To ki shiga ki gaya masa da bakinki. Ki ce masa ya haƙura, bana ba zai yanka ba."

Ya san inda zai kama ni. Na je har bakin ƙofar Baba da maganar a bakina. Na durƙusa, na gaishe shi, ya amsa da murya mai daɗi irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce ƙanena ya kawo masa abin ƙarfi. Na ce Allah ya sa a dace. Na ajiye miya na tashi. Ban iya buɗe baki na ce wa ubana hannunsa ba zai dawo ba. A lokacin na kira shi ladabi. Yanzu na san tsoro ne, na sa masa mayafi.

Kowace safiya ƙanena yake ɗiga masa a cikin kunu. Kuma abin ya yi aiki, ko dai ya yi kama da aiki. Cikin mako shida fatar damtsen ta fara cika. Abokan Baba, tsofaffin mahauta, sukan biyo bayan sallar Juma'a su zauna a ɗakinsa. Daga tsakar gida ina jin su suna mammatsa hannunsa kamar yadda suke taɓa gadon bayan rago a kasuwa, ɗaya ya ce, "Wallahi ya yi nama," sauran su kwashe da dariya, har da shi. Ƙanena ya sayo rago tun da wuri, fari mai baƙin kunne, aka ɗaure shi a gindin tankin ruwa. Baba yakan sa a ɗaga masa labule ya kalle shi. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Har na fara jin kunyar zargin da na yi.

Sai dai naman ya zo, ƙarfin bai biyo shi sosai ba. Kofin shayi yana nan yana rawa a hannunsa. Kowa ya gani, kowa ya ce saura kaɗan.

Daga nan ya fara susa. Yana susar hannu, yana susar baya da bakin mafici, har fata ta yi sawu. Muka ce kuɗin cizo ne. Muka fitar da katifa rana, muka zuba wa gado tafasasshen ruwa, aka sauya sabulu. Sannan ya daina cin nama. Mahauci ya ture kwanon nama ya ce ƙarni yake masa, mu kuma muka ce zafi ne. Matar ƙanena, wadda ke zubar da fo ɗinsa, ta ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi tun kwanaki. Sai daga baya ta gaya mini, tana kuka. Ta ce da wane baki za ta yi maganar fitsarin surukinta?

Wadda ta gani ba 'yar gida ba ce. Wata mata ce 'yar ƙabilar Ewondo mai sayar da abinci a bakin kasuwa, ta fi shekara ashirin tana sayen nama a rumfar Baba. Ta ji bai da lafiya, ta zo da ayaba da fiya a leda. A gidanmu mun daɗe muna gulmarta, muna cewa ba ta da kunya, tana magana da maza ido cikin ido tana buga musu kafaɗa. Ranar ina durƙushe a wurina ta tsallake ni, ta yaye labulen taga gaba ɗaya tana cewa ɗakin ya yi duhu, ta zauna a bakin gadonsa. Sannan ta kama haɓarsa da hannu ta juya fuskarsa wajen haske.

"Papa, regarde-moi. Mais tes yeux sont jaunes!" Da Faransanci ta yi masa maganar, wai ya dube ta. Ta juyo gare ni, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Ke, ba ki gani? Ido na baba ya lalace!"

Na ɗaga kai. Farin idonsa ya zama rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ba abin da za a ce sai an lura ba ne, daga bakin ƙofa ana gani. Mutum nawa ne ke shiga ɗakin nan kullum? Ni ina kallon tabarma, surukarsa tana bayan labule, ɗansa da abokansa suna kallon damtse. Mako nawa idon ya yi a haka, ban sani ba. Mu masu tarbiyya muna nan muna shanya katifa, sai da mara kunya ta zo ta kalli fuskarsa.

A ranar muka sa shi a taksi. A asibiti aka ɗebi jini, wata likita ta dawo da takarda fuskarta ba walwala, ta ce hantarsa ta kumbura, me yake sha? Ƙanena ya lissafa magungunan da aka rubuta wa Baba bayan aiki. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Sai na buɗe jakata na fito da kwalbar, don na ɗauko ta daga kan taga kafin mu fito.

Likitar ta karanta, ta ajiye a hankali. Ta ce da Faransanci, eh, ana gwada irin waɗannan, amma a kan mutanen da aka zaɓa, ana duba jininsu a kai a kai, kuma ko a can ba a gama sanin amfaninsu da illarsu ba. Wannan kuwa ita ba ta ma san me aka zuba a ciki ba. Ta sa yatsa a kan ƙananan rubutun, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wanda ya iya karatu a gidanku?"

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ni ma malamar makaranta na sunkuyar da nawa.

Kwana goma sha shida ya yi a kwance, ruwa a hannu, ba ya iya riƙe abinci. Naman da abokansa suka yi ta yabo ya zube cikin 'yan kwanaki, ya tafi har da wanda ya tarar. A ɗakin marasa lafiya babu tabarma, babu bakin ƙofar da zan durƙusa. Kujera ɗaya ce a gefen gado, dole na zauna a kai, kaina daidai da nasa. Wata rana da azahar, ƙanena ya fita sallah, Baba ya ce, yana kallon rufin ɗaki,

"Ke 'yar nan. Me aka rubuta a jikin kwalbar?"

Na gaya masa.

"Yaushe kika karanta?"

"Tun ranar da aka kawo ta, Baba."

Na jira faɗa. Da ya yi faɗan da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Ni ma na gani. Kullum da safe ina sa kwalli, da madubina. Dabba nawa na buɗe na ga kitsenta ya yi rawaya, na ce a haƙa rami a binne? Na san abin da nake gani. Na ce bari dai a yi Sallah tukuna." Ya ɗan numfasa. "Ko kin faɗa ma, ba zan ji ba."

Na san don ya sauke mini nauyi ya faɗi haka. Bai sauke ba. Haushi ne ya turnuƙe ni, irin wanda ban taɓa ji game da shi ba. Ashe mu uku muka sani, kowa da nasa kason, kowa ya rufe baki. Baba ya ɗora ransa a kan rago ɗaya, bai tuna yana da 'ya'ya ba. Ni na zaɓi a ce ina da ladabi. Ƙanena kuwa har yau cewa yake kwalbar ce aka ba shi jabu, da ta gaske ce da ba haka ba. Ya daina sha, amma bai daina wannan maganar ba, kuma duk ranar da ya fara ta nake tashi in bar masa wurin.

Hantar ta lafa a hankali, Allah ya yi da sauran kwana. Aka sallame shi saura kwana huɗu Sallah. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, mu biyu muka shigar da shi ɗaki.

Ranar Sallah bai je idi ba. Ya sa aka yi masa wanka, aka sa masa babbar rigarsa fara, ta yi masa yawa ta ko'ina. Ya ce a fitar da shi ƙofar gida. Muka ɗauke shi a kan kujera, ni da ƙanena, muka ajiye kusa da ramin da aka haƙa don jini. Layi ya cika da masu dawowa daga idi, yara da sababbin kaya, hayaƙin gawayi ya fara tashi. Maƙwabta suna zuwa su durƙusa su yi masa barka da Sallah, su yi masa sannu da jiki, su wuce da sauri. Kowa ya riga ya yi nasa shirin da wani, kuma ba wanda ya so ya faɗa.

Aka kwanto ragon, maza biyu daga maƙwabta suka kayar da shi, suka fuskantar da shi alƙibla, suka danne. Baba ya warware ƙyallen a kan cinyarsa. Ya gwada kaifin da babban yatsa. Ya ce a matso da kujera, muka matso. Ya sunkuya, ya sa hannun hagu a maƙogwaron ragon, ya shafa ya sami wurin nan take, wannan kam hannun bai manta ba. Ya ɗaga wuƙar. Bakinta yana kaɗawa, kowa yana gani. Ya sa ɗaya hannun ya riƙe wuyan hannunsa, duka biyun suka kama rawa. Ragon yana numfashi a ƙarƙashin gwiwoyin mutane, yana jira.

Ƙanena ya durƙusa kusa da shi. "Baba, in riƙe maka hannu. Ai ya halatta. Kai ne dai ka yanka."

Baba bai kalle shi ba. Ya mayar da wuƙar kan cinyarsa. Ya ce, "Ba zan wahalar da shi ba."

A daidai lokacin wani mutum yana wucewa ta layin, irin baƙin da ke saukowa daga arewa lokacin Sallah suna yawo da wuƙa da igiya suna neman aikin yanka da fiɗa. Ba mu taɓa ganinsa ba, shi ma bai san kowa ba. Baba ya ɗaga yatsa, aka kira shi. Ya zo da sauri yana murna, ya gaishe mu da Hausar da ke gauraye da Fulatanci. Baba ya miƙa masa wuƙarsa, ta ƙota. Mutumin ya kalle ta, ya ce a'a, tasa ma tana da kaifi. Ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, sai ya ga kujerar ta yi kusa. Ya ɗago ya yi wa Baba murmushi, da zuciya ɗaya.

"Tsoho, matsa baya kaɗan. Kar jini ya ɓata maka riga. Ba ka saba ba, yana tsalle da nisa."

Mutanen da ke danne da ragon suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya gyara masa. Baba ya naɗe wuƙarsa a ƙyalle, a hankali, ya ce mu ja shi baya. Na kama hannun kujera ɗaya, ƙanena ya kama ɗaya, muka ja.